Hukuncin Yin Allurar Rigakafin Mura Duk Shekara

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗan kasuwa ne a Jega. Mahaifiyarmu ta haura shekara 70, tana da ciwon sukari da asma. Bara da hunturu mura ta kama ta har ta sauka mata a ƙirji, sai da aka kwantar da ita a asibiti a Birnin Kebbi. Da za a sallame mu likita ya ce akwai allurar rigakafin mura da ake yi duk shekara, ya kamata mu nema mata, amma saye ake yi. Yayana ya ce bai yarda ba. Ya ce neman maganin ciwon da bai zo ba rashin tawakkali ne, kuma allurar da sai an maimaita kowace shekara kasuwanci ce kawai, sannan ya ji ana sa kitsen alade a ciki. Inna ta ce duk abin da muka yanke. Ni ma lafiyata ƙalau, amma ina son in san ko wajibi ne a kaina. Mene ne hukunci?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da iyalansa da sahabbansa. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya saka muku da alheri a kan hidimar da kuke yi mata.

Yin wannan allura halal ne. A kan mutum irin Hajiya mustahabbi ne, a kanka kai mai ƙarfi da lafiya mubahi ne, kuma wanda ya bari bai yi zunubi ba. Ga yadda aka kai ga haka.

Ka fara sanin wace mura ake nufi, domin hukunci a kan abu yana bin fahimtarsa. Yoyon hanci da atishawa da ƙaiƙayin maƙogwaro da muke fama da su in hazo ya sauka, mafi yawansu wasu ƙwayoyin cuta ne dabam, kuma allurar ba ta hana su. Wadda ake yi wa rigakafin ita ce murar da likitoci ke kira infuluwenza: ta zo farat ɗaya da zazzaɓi mai zafi, ciwon kai, ciwon gaɓoɓi da busasshen tari, ta kwantar da ƙato kwana da kwanaki. Saurayi yakan miƙe a cikin mako guda. Tsoho, ko jariri, ko mai ciki, ko mai sukari, asma, ciwon zuciya ko sikila, shi takan bi ta huhu ta zame masa namoniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe tsakanin mutum 290,000 zuwa 650,000 a duniya kowace shekara. Irinta ce ta game duniya a 1918, ta shigo ta Legas ta biyo hanyar jirgin ƙasa zuwa Arewa, wadda kakanninmu suka riƙa lissafin shekaru da ita suna cewa shekarar marisuwa.

To, batun tawakkali. Yayanka yana son ya kare aƙida ne, kuma wannan niyya ce mai kyau, amma dalili bai tsaya tare da shi ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Sa'ad bin Abi Waƙƙas cewa Annabi (SAW) ya ce wanda ya karya kumallo da dabino bakwai na ajwa, guba da sihiri ba za su cutar da shi a wannan yinin ba. Duba da kyau: mai cin dabinon bai sha guba ba tukuna. Ana ba shi kariya ne daga abin da bai auku ba, kuma ba sau ɗaya a rayuwa ba, kowace safiya. Da wannan hadisi Shaihu Ibn Baz ya kafa hujja da aka tambaye shi hukuncin rigakafi, ya ce babu laifi. Annabi (SAW), shugaban masu tawakkali, ya sa sulke biyu ranar Uhudu, kuma yakan ajiye wa iyalinsa abincin shekara.

Sannan ga ƙissar Sayyidina Umar, wadda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa. Ya fita zuwa Sham, da ya isa Sargu aka ce masa annoba ta ɓarke. Ya yi shawara da Muhajirai da Ansar, suka saɓa, daga ƙarshe ya yanke a koma Madina. Abu Ubaida ya ce, "Gudun ƙaddarar Allah za a yi?" Umar ya ce, "Da dai waninka ne ya faɗi haka, ya Aba Ubaida! E, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah." Sai Abdurrahman bin Aufu ya zo da hadisin da ya ji daga Annabi (SAW), cewa in kun ji annoba a wata ƙasa kada ku shiga, in ta same ku a ciki kada ku fita don guje mata. Abin lura a nan, Abu Ubaida aminin wannan al'umma ne, ya yi irin tunanin da yayanka ya yi, kuma Umar bai zage shi ba, ya ba shi amsa ne. Kai ma haka za ka yi da Yaya. Inda tawakkali ke lalacewa shi ne zuciya ta ɗauka allurar ce mai tsarewa da kanta. Wanda ya miƙa damtse yana cewa bismillahi, yana sane cewa sababi ne Allah ya halitta kuma in ya so zai hana shi aiki, imaninsa lafiya lau.

A nan ƙasarmu ma wannan ba baƙon abu ba ne. Shehu Abdullahi na Gwandu ya yi rubutu a kan gyaran addini da lafiyar jiki tare, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya wallafa a kan ciwon ido da basir. Ba su ga neman magani ya rage musu zuhudu ba.

Maganar maimaitawa duk shekara tana da amsa a wurin masana. Ƙwayar wannan cuta tana sauya kamanni a kai a kai, garkuwar jiki da ta san ta bara sai ta kasa gane ta bana, ita kuma kariyar da allurar ta bayar tana raguwa bayan watanni. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke zama sau biyu a shekara, a Fabrairu da Satumba, ta duba nau'o'in da ke yawo ta faɗi waɗanda za a haɗa allurar da su. Mai soron ƙasa ba ya cewa ai na yi yaɓe bara, kowace shekara sai ya sake kafin ruwa ya sauka. Cewa kamfanoni suna cin riba kuwa gaskiya ne, suna ci. Amma mai kemis ɗin da kuke sayen maganin sukarin Hajiya ma yana ci, ribar mai sayarwa ba ta haramta kayan da ke da amfani.

Ba na raina tsoron da mutanenmu suke yi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani a kan yara kimanin 200 a Kano, 11 suka rasu, aka yi ta shari'a har aka sasanta a 2009. Wanda ya ga haka dole ya yi tambaya. Sai dai mun kuma ga abin da ya biyo bayan dakatar da ɗigon shan inna a 2003: cutar ta bazu, yara suka nakasa, har ta tsallaka wasu ƙasashe. Shari'a ba ta ce a gaskata kowane bature ba, ba ta kuma ce a gina hukunci a kan saƙon WhatsApp ba. Ta ce, "Ku tambayi ma'abota sani in kun kasance ba ku sani ba." Ma'abota sani a nan su ne amintattun likitoci, kuma muna da su a cikin 'ya'yanmu da muke sahu ɗaya da su a masallaci.

Batun alade: mafi yawan wannan rigakafi a cikin ƙwan kaza ake rainon ƙwayar cutar, a kashe ta, a tace. Nau'in da aka fi sani da jelatin na alade, wato wani sinadari da ake samu daga fata da ƙashin dabba, shi ne wanda ake fesawa a hanci, kuma ba a ba tsofaffi shi. Na allura yawancinsu babu. Takardar da ke cikin kwalin tana lissafa abin da aka haɗa, ka ce likita ya karanta maka. Ko da an samu jelatin, malamai sun saɓa. Taron malamai da likitoci da aka yi a Kuwait a 1995 ya tafi a kan cewa ya rikiɗe ya zama wani abu dabam, don haka ya tsarkaka, kamar yadda giya ke tsarkaka a mazhabarmu in ta koma khal, wato ruwan tsamin da ake kira binega. Wasu suka ce rikiɗar ba ta cika ba. Tun da wanda babu shi yana samuwa, ka nemi shi ka fita daga saɓani.

Me ya sa ban ce wajibi ba? Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta ce neman magani yana wajaba in barinsa zai kai ga halaka ko lalacewar gaɓa ko yaɗa cuta ga mutane, ya zama mustahabbi in barinsa zai raunana jiki, ya zama mubahi in bai kai haka ba. Wannan allura amfaninta rinjayen zato ne, ba yaƙini ba. A shekarar da aka dace da nau'in cutar, takan rage haɗarin kamuwa da kashi 40 zuwa 60 cikin 100, wata shekarar ƙasa da haka, wanda kuma ya kamu bayan ya yi sau da yawa takan zo masa da sauƙi. Ba annoba ake ciki ba, hukuma ba ta tilasta ba. Ga kuma hadisin matar nan mai farfaɗiya da Annabi (SAW) ya ba zaɓi tsakanin addu'ar waraka da haƙuri, ta zaɓi haƙuri, wanda ke nuna ba kowane magani ne dole ba. Hajiya ta haɗa tsufa da sukari da asma, ta kuma riga ta ɗanɗana, likitan da ya duba ta ya ba da shawara: a kanta mustahabbi ne mai ƙarfi. Kai in kana kwana gida ɗaya da ita, kana wuni cikin cunkoson kasuwa kana dawo mata da abin da ka kwaso, ka yi da niyyar kare ta kana da lada, domin Annabi (SAW) ya hana mai raƙuma marasa lafiya ya shigar da su cikin masu lafiya.

Da Inna ta ce duk abin da kuka yanke, kawaici ne irin na iyaye. Jikinta ne, hankalinta na nan, izininta ake bukata ba na Yaya ba, ba kuma naka ba. Ka zauna gabanta ka gaya mata gaskiya: wurin zai yi tsami kwana ɗaya ko biyu, tana iya jin ɗan zazzaɓi, kariyar sai bayan kamar mako biyu take kamawa, kuma za ta iya yin murar hunturu duk da haka. In ta ce a'a, ku bar ta. Kada kuma ka kai ta a ɓoye, ka je wa Yaya da wannan bayani cikin ladabi, in da hali ku tafi wurin likitan tare ya yi tambayoyinsa da bakinsa.

Akwai inda hukuncin ke juyawa. Wanda ya taɓa yin wannan allura jikinsa ya ƙi ta har numfashi ya sarƙe, ba ya halatta ya sake sai da izinin likita, saboda ƙa'idar babu cuta babu cutarwa. Mai zazzaɓi ya jira ya warke. Jaririn da bai kai wata 6 ba ba a yi masa. Allurar kuma sai an ajiye ta cikin sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, kai ma ka san halin wutarmu. Kada ka karɓa a hannun mai yawo da jaka ranar kasuwa. A je asibitin da firijinsa ke aiki, a duba rajistar NAFDAC da ranar lalacewa.

Sai kuɗi. Tun da ba ta cikin waɗanda gwamnati ke yi kyauta, in aljihu bai iya ɗaukar duka ba, maganin sukari da na shaƙa na asma su ne gaba, domin barinsu haɗari ne na yau. Ba a cin bashi mai nauyi don mustahabbi. Kuma abin mamaki ne mutum ya tafi neman allurar kuɗi alhali katin rigakafin 'ya'yansa na ƙyanda da mashaƙo da sanƙarau, waɗanda kyauta ne, bai cika ba, ga ta zazzaɓin cizon sauro da aka fara yi wa yara a jihar Kebbi tun Disambar 2024. Hukuncin waɗannan ya fi ƙarfi a kan uba.

In lokacin yi ya faɗo cikin Ramadan, allurar damtse da ba ta abinci ba ba ta karya azumi. In kuma kuna shirin kai Hajiya Hajji ko Umara, hukumomin lafiya na Saudiyya suna shawartar alhazai, musamman tsofaffi, su yi ta, sai ku lissafa a yi aƙalla mako biyu kafin tashi.

Wallahu a'alamu.