Maniyyina yana da rauni kuma damuwa ta min yawa, in na nemi haihuwa na cuci yaron?

Tambaya: Malam shekara 6 da aurena ba haihuwa, likita yace matsalar daga gareni take, ƙwayoyin maniyyin basu da yawa kuma basa motsi sosai, sannan na karanta wai damuwar uba tana shafar ɗan da zai haifa, ni kuwa ko bacci bana iya yi. In mukayi dashen ƙwai a asibiti, wato a haɗa maniyyi da ƙwan mace a waje sannan a saka a mahaifa, akwai zunubi a kaina?

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya yaye maka. Babu zunubi a kanka, neman magani halal ne saboda hadisin Usama bn Sharik da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, Annabi (SAW) yace ku nemi magani bayin Allah. Dashen ƙwai kuma majalisar fiƙihu ta duniya ta halatta shi a zamanta na Amman a 1986, da sharaɗin maniyyin na miji ne, ƙwan na matarsa, a mayar cikin mahaifarta ita kanta, kuma auren yana nan. Maniyyin wani ƙato daban haramun ne ko da an ɓoye sunansa.

Toh maganar damuwa, akwai gaskiya a ciki amma kar ka ɗauke ta fiye da yadda take. Doguwar damuwa tana rage sinadarin namiji da ingancin maniyyi, wannan likitoci sun sani. Shi kuwa ace ta ratsa zuwa ga yaro, mafi ƙarfin hujjar a ɓeraye aka gani, an takura ma mazan sai 'ya'yansu suka fito jikinsu yana amsa tashin hankali ba yadda aka saba ba, kuma ɓera ai ba mutum bane, ba a hana bawa abinda shari'a ta kwaɗaitar dashi saboda zato. Gado dai Musulunci bai musa shi ba, ka tuna mutumin da matarsa ta haifi baƙin yaro, Annabi (SAW) ya buga masa misali da launin raƙumansa yace ta yiwu jijiya ce ta janyo, wato gado daga kakanni.

Inda nake so ka tsaya shine gwaji. Wani raunin maniyyin daga ƙwayar halittar Y yake, wadda ɗa namiji ke gada daga ubansa, wani yankinta ne ya ɓace, kuma in anyi dashen ɗa namiji zai gaje shi. In likita ya tabbatar haka ne, dashen bai haramta ba amma dole matarka ta sani, ɓoyewa ha'inci ne, kuma ka dena bari dangi suna ɗora mata laifi alhali kasan inda matsalar take.

Maniyyi yana ɗaukar wajen kwana 74 kafin ya kammala, kaga gyara bacci da barin sigari da ganin likitan damuwa sai bayan kamar wata uku zaka ga tasirinsu. Ka lazimci addu'ar Annabi Zakariyya, Rabbi la tazarni fardan wa anta khairul warisin. Wallahu a'alam.