Amsa ga Maman Yara: Manhajojin Karatu da Ba Sa Cin Kuɗin Intanet

Hajiya, sannu da ƙoƙari. In na fahimce ki, kina da yara biyu, ɗan CP (aji biyu na firamare) da ɗan CM1 (aji biyar), kina son koya musu a gida da waya ɗaya, ga kuɗin intanet na neman fin ƙarfinki, kina kuma tambayar yadda za ki yi musu rajistar jarrabawa.

Ni ma a unguwar Ali Ɗan Sofo ta Maradi haka na fara da nawa. Abin da ya fisshe ni shi ne manhajojin da ake saukewa sau ɗaya, su yi aiki ko babu intanet. Ƙaramin ki sa masa GCompris, kyauta ce, tana da Faransanci, akwai ƙirga, harufa da wasannin tunani. Babban kuwa, ki sauke Kiwix ki zuba Vikidia a ciki, kundin sani ne na yara. Lissafi, Khan Academy na da sashen Faransanci, sai dai bidiyo na shan intanet kamar rairayi da ruwa. Labaran Hausa ki duba African Storybook.

Kuskurena na farko: na miƙa wa yaron waya na shiga madafa. Kafin tuwo ya nuna yana kallon kokawa. Yanzu minti 20 ne, ina zaune kusa, daga nan ya ɗauki allo da alli ya rubuta abin da ya gani. Hannu ba ya koyon rubutu a gilashin waya.

Waɗannan manhajoji ba tsarin karatun Nijar suka bi daki-daki ba. Ki samu wani mushe, wato malami, na lakwal ɗin unguwarku ya nuna miki abin da kowane aji ke yi. Maganar rajistar jarrabawa kuma, ofishin sufeton firamare za ki tambaya tun da wuri.