Na ɗauki bidiyon makaɗin kalangu awa 9, amma masu kallo waya suke dannawa

Tambaya: Malam, ni ɗan Anguwar Rogo ne a Jos. Wata biyu na yi ina bin wani tsohon makaɗin kalangu da kyamara. Na tara hoto na kusan awa 9, na tace shi ya koma minti 40, na faro daga haihuwarsa har zuwa yau. Da na kunna wa abokai, kafin minti goma rabinsu sun koma kan waya. Ina na kuskure?

Amsa: Ɗan'uwa, tun daga haihuwar nan aka rasa su. Wanda bai taɓa jin kiɗan mutum ba, ina ruwansa da shekarar da aka yanke masa cibi? Ka fara sa shi ya ji kiɗan tukuna, shi da kansa zai nemi sanin waye wannan.

Ka ɗauka Ɗan Maraya Jos za ka yi wa fim. An haife shi a Bukuru a 1946, ya rasu a 2015. Duk gaskiya ne, amma ba zai hana kowa tashi ba. Abin da zai zaunar da mutum shi ne kuntigi: gwangwanin kifi da aka rufe da fata, tsirkiya ɗaya tak, ga kuma marayan da ya riƙe shi yana yi wa talakawa waƙa, har da karen mota. Nan take mai kallo zai ce, yaya aka yi wannan ɗan abu ya zaga duniya? Wannan tambayar ce take jan fim.

To, ka koma cikin awa taran nan ka nemo taka. Kalangu kiɗan mahauta ne tun asali. Shin har yanzu suna kiran tsohon nan, ko DJ ya ƙwace bukukuwan? Akwai ɗan da zai gaje shi, ko duk sun gudu sun kama tuƙin Keke? In ka samu abin da ke hana tsohon nan barci, ka samu fim. Duk hoton da bai taɓa wannan batu ba, ka cire, ko da sai da ka hau dutse a Gangare ka ɗauko shi. Na san da zafi. Ni ma na taɓa ajiye faɗuwar rana na minti biyu a wani aiki don kawai na sha wahala a kanta, ba wanda ya kalle ta sai ni.

Sai tacewa, kuma nan ne matasanmu suka fi yi wa kiɗa laifi. Makaɗi ya fara ɗaukar zafi, bayan daƙiƙa goma sai a yanke, a kawo wani malami a kujera yana bayanin muhimmancin al'ada. Haba! Ka bar aƙalla take ɗaya ya tafi daga farko har ƙarshe. Ka matso da hoto kusa: hammatar da ke matse igiyoyin kalangu har murya ta sauya, gumi a wuyan riga, hannun mahaucin da ya tashi yin liƙi. In za ka sauya hoto, ka sauya a kan bugu ko inda ɗan amshi ya ja numfashi. In ka yanke a tsakiya, kunne zai ji tuntuɓe ko da ido bai gani ba.

Wata dabara kuma: ka bar sauti ya riga hoto. Tsoho na cikin magana a zaure, sai kiɗan biki ya fara shigowa ƙasa-ƙasa, bayan daƙiƙa biyu hoton ya biyo shi. Ko a manhajar tace bidiyo ta DaVinci Resolve ta kyauta za ka yi wannan, manhajar CapCut ma tana yi. Shiru kuma kada ka ji tsoronsa. In ka tambaye shi ubangidansa da ya rasu ya yi jim, kada ka cike wurin da kiɗan tausayi na intanet.

Ka rage shi zuwa minti 20. Tunda a Jos kake, ga Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa, ga kwalejin talabijin ta NTA a Rayfield, ka samu ɗalibai biyu da ba su san ka ba, ka kunna musu. Ka zauna a bayansu da biro, duk mintin da wani ya laluba aljihu ka rubuta shi.