A ina zan kafa na'urorin gano motsi a sito?

Tambaya: Ina da siton hatsi kusa da Tudun Hatsi a Gombe, tsawonsa mita 20, faɗinsa mita 10, ƙofa ɗaya. Na sayi na'urorin gano motsi guda huɗu, an rubuta mita 12 da digiri 90 a kwalinsu. In maƙala su a kusurwoyi huɗu?

Amsa: Alhaji, a takarda hakan ya yi, domin daga kowace kusurwa zuwa tsakiyar siton mita 11 ne da ɗoriya. Amma mita 12 ɗin nan lissafin ɗaki mai sanyi ne wanda babu kaya a ciki. Wannan na'ura bambancin zafin jikin mutum da na abin da ke bayansa take ji. A watan Maris da Afrilu, ƙarƙashin rufin kwano, bango da buhuna kan yi zafi kusan daidai da fatar mutum, sai ganinta ya ragu. Ka yi lissafi da mita 9. Da haka za ka ga akwai fili a tsakiya, aƙalla mita 2, da ba wadda ke kaiwa gare shi.

Ga kuma buhuna. Ba ta gani ta cikinsu, kowane tari sai ya bar inuwa a bayansa. Saboda haka kada ka ce sai ka rufe ko'ina, hanyar da ɓarawo zai bi ita ce abin tsarewa. Ka zana siton a takarda tare da tarin buhunan, ka yanko kwali mai siffar rubu'in da'ira na mita 9 bisa ma'aunin zanen, ka riƙa aza shi. Ta farko ta tsare ƙofa, amma daga gefe: ta fi kama wanda ya gitta gabanta fiye da mai nufo ta kai tsaye, nan ne masu haɗawa da yawa ke kuskure. Kowace ta gaba a sa ta inda za ta kama hanya mafi yawa da ta rage, ganinta ya ɗan hau kan na maƙwabciyarta.

Tsayi daga ƙasa mita 2.1 zuwa 2.4. Kada ta kalli taga ko inda rana ke faɗowa, za ta dame ka da ƙarar banza, haka ma in kyanwa na hawa buhuna kusa da ita. Lokacin hunturu a riƙa goge ƙurar fuskarta.

In an gama, ka sa yaron shago ya zagaya a hankali da tsakar rana, har da sunkuyo, kana duban fitilar kowace na'ura. Ka sake gwajin duk ranar da aka sauke sabon kaya.