Daga Saigon Zuwa Angkor ta Kogin Mekong: Amsoshin Wasiƙunku

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗan fansho ne, shekaruna 66. Ɗana da ke aiki a Malesiya ya ce zai biya mana ni da mahaifiyarsa kuɗin yawon jirgin ruwa a kogin Mekong, kwana bakwai daga Biyetnam zuwa Kambodiya, sannan a kai mu Angkor, tsohon birnin nan mai gidajen ibada na dutse, da ɗan rakiya. Mun ga kuɗin watan Satumba bai kai na Disamba ba. Ko akwai lauje cikin naɗi? Kuma uwargida tana fama da ciwon gwiwa. (Wani dattijo daga Kaduna)

AMSA: Wa'alaikumus salam, Baba. Allah ya yi wa yaron nan albarka. An ce araha ba ta ado, amma arahar Satumba ba ta cikin wannan. Damina ce a can, Turawa kuwa, waɗanda su ne galibin fasinjojin, tsoron ruwan sama suke yi, shi ya sa kuɗin yake sauka. Ruwan ma ba wuni yake yi ba. Yawanci bayan azahar hadari zai haɗo, a zuba na awa ɗaya ko biyu, gari ya washe. Arahar da zan ce ku guje mata ita ce ta Afrilu da Mayu. Zafin lokacin kamar bazarar Sakkwato ne aka ƙara mata gumi, ga kogi ya ja baya.

Maganar jan bayan kogin nan ita ce ginshiƙin tafiyar, don haka bari in tsaya a kanta. Mekong ya taso ne daga tsaunukan Tibet, ya yi tafiyar fiye da kilomita 4,000, ya ratsa Sin da Miyanma da Lawos da Tailan da Kambodiya, ya faɗa teku a kudancin Biyetnam. A Phnom Penh, babban birnin Kambodiya, yana haɗuwa da wani kogi mai suna Tonle Sap, wanda ya fito daga wani tafki mai wannan sunan. Da rani ruwan tafkin ne ke gangarowa cikin Mekong. Idan damina ta kankama, Mekong ya cika ya batse, sai ya danne ƙaramin kogin ya juya shi baya, ruwa ya riƙa hawa yana cika tafkin har faɗinsa ya ninka sau huɗu ko biyar. Wajen ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba ruwan ya sake juyowa, lokacin ne mutanen Kambodiya ke bikin tseren kwale-kwale da suke kira Bon Om Touk. Garin Siem Reap, inda Angkor take, yana kusa da bakin tafkin ta arewa. To idan ruwa ya cika, wasu jiragen suna iya ratsa tafkin su kai ku kusa da garin. Idan babu ruwa, a Kampong Cham ko wani mashigi kusa da Phnom Penh za a sauke ku, a zuba ku a bas ta awa huɗu zuwa biyar. A takardar talla duka biyun "Saigon zuwa Siem Reap" ake rubutawa. Ku sa ɗanku ya tambayi kamfanin a rubuce: a ina jirgin zai tsaya, awa nawa ne a mota? Akwai manyan jiragen da ko ruwa ya cika ba sa shiga tafkin.

Ita ma farkon tafiyar ba daga cikin Saigon ake tashi ba (sunan birnin a hukumance Ho Chi Minh, amma mazaunansa har yau Saigon suke cewa). Galibi mota ce za ta kai ku My Tho, kimanin kilomita 70, a can jirgin yake jira. Kada ku sa ran irin manyan jiragen teku masu hawa goma. Waɗannan ƙanana ne, fasinjoji 30 zuwa 70, hawa biyu ko uku, kowane ɗaki da tagarsa ko barandarsa. Kogin a kwance yake, ba igiyar ruwa, ba jiri ba amai.

Yanzu gwiwar Mama. Cikin jirgin ba matsala, sai dai ku nemi ɗaki a hawa ɗaya da ɗakin cin abinci, don da yawansu ba su da lif. Wahalar tana wajen fita. A ɓangaren Biyetnam, a garuruwa irin su Cai Be da Sa Dec, jirgin a tsakiyar ruwa yake tsayawa, a sauko da ku cikin ƙaramin kwale-kwale mai inji. A Kambodiya kuma sau da yawa bakin gaɓa kawai ake samu a ɗaure jirgin a jikin bishiya, a shimfiɗa katako, ku taka ku hau gangare. A nan ma cikar kogi gata ce gare ta, don idan ruwa ya yi sama gangaren gajere ne. Ma'aikatan suna riƙe hannun mutum, na ga sun tallafi wata tsohuwa mai sanda har bakin hanya ba tare da ta ji kunya ba. Kuma ba dole ne ta fita kowace fita ba. Sau biyu ake fita a rana, safe da yamma. Ta zaɓi ɗaya. In don ta ni ne ta bar zuwa masana'antar alawar kwakwa, inda rabin lokacin a shagon tsaraba yake ƙarewa, ta zauna a baranda ta kalli kogin. Jiragen yashi da na shinkafa suna wucewa a nutse har ruwa na lasar bakinsu, an zana musu manyan idanu biyu a goshi, matar matuƙi tana shanya a baya.

Angkor ce za ta gwada ƙafar kowa. Angkor Wat kaɗai, babban gidan ibadar da sarki Suryavarman na Biyu ya gina a ƙarni na 12, sai an yi doguwar tafiya a kan gadar dutse kafin a kai ƙofarsa, don ramin ruwan da ya kewaye shi faɗinsa ya kai mita 190. Hawa na can sama matakalarsa a tsaye take, kada ta gwada. Ba ta yi asara ba, don abin kallon yana ƙasa: dogayen barandu da aka sassaƙa yaƙe-yaƙe da rundunar sarki da giwaye a jikin bango. Tikitin kwana ɗaya dala 37 ne, na kwana uku dala 62, ku duba ko yana cikin kuɗin da aka biya. Idan ayarin ya yi mata sauri, ku ɗauki ɗan rakiya naku na kanku da keke-napep irin nasu da suke kira tuk-tuk, ku yi a hankali.

Abu na ƙarshe, Baba, kuma shi ya kamata a fara da shi: biza. Mai fasfon Nijeriya kada ya dogara da cewa za a ba shi biza a kan iyaka kamar yadda ake ba Turawan da ke cikin jirgin. Iyakar nan a kan ruwa ake tsallaka ta, ma'aikacin jirgi ne ke tattara fasfo ya kai wa jami'ai, idan naku ya sami tangarɗa ba ofishin da za ku ruga. Ku kammala bizar ƙasashen biyu kafin a biya kuɗin jirgi, ku tabbatar mashigin da aka rubuta a takardar shi ne wanda jirgin zai bi, ku riƙe katin rigakafin shawara.

TAMBAYA: Malam, ni da ƙawayena uku muke shirin wannan tafiya. Damuwata abinci da salla. An ce mutanen can har maciji suke ci. (Wata Hajiya daga Kano)

AMSA: Hajiya, maciji ba zai zo miki a faranti ba sai kin nema. Inda za ki gan shi shi ne cikin kwalbar giyar shinkafa da ake nuna wa baƙi a ƙauyukan Biyetnam, ki ce a'a ki wuce. Wanda zai shigo miki ba sallama alade ne. Yana cikin romon taliyar safe da ake kira hu tieu, wanda da ƙashinsa ake dafawa ko da jatan lande kika gani a sama. Yana cikin ɗan naɗin da ake soyawa kamar samosa, wani lokaci da kitsensa ake suya. Kamfanin da na bi ya rubuto mini cewa abincin Musulmi ba matsala, da na shiga sai na tarar abin da suke nufi shi ne za su tsame naman aladen daga farantina. Ba mugunta ba ce, iyakar saninsu ke nan. Daren farko na nemi ganin shugaban masu girki, na ce kifi da ƙwai da ganye kawai, a tukunya daban, da man gyaɗa ko na kwakwa. Daga ranar ban sake samun matsala ba, har ya riƙa aiko mini da amok, kifin da ake turarawa da madarar kwakwa cikin ganyen ayaba, ko ba ya cikin abincin ranar. Ku huɗu ne, maganarku za ta fi tawa nauyi. Naman sa da kaza ku bar su sai kun sauka, don ba yankan Musulmi ba ne. A Saigon akwai gidajen abincin halal a kusa da kasuwar Ben Thanh, 'yan Malesiya sun mayar da layin kamar nasu, da kuma kewayen babban masallacin titin Dong Du da Musulmin Indiya suka gina a shekarun 1930. Ki sani kuma a yawancin jiragen an haɗa kuɗin giya cikin kuɗin tafiya. Ki tambaya ko za a rage, ko da yake ni ba a rage mini ba.

Salla a ɗakinki za ki yi, kuma ke matafiyiya ce, kin san hukuncin ƙasaru. Alƙibla a can yamma take, da ɗan karkata arewa, jirgi kuma yana bin lanƙwasar kogi, don haka ki duba manhajar waya daf da kabbara. Agogonsu yana gaban namu da awa 6.

Ga abin da nake so ku nace a kansa. Kusa da iyaka, wajen Chau Doc da Tan Chau, akwai ƙauyukan Cham. Musulmi ne 'yan mazhabar Shafi'i, jikokin tsohuwar daular Champa, gidajensu a kan dogayen turaku saboda ambaliya, matansu masaƙa. Wasu jiragen suna tsayawa a can, amma a jadawali bai wuce a nuna muku masaƙa, a sayar muku da gyale, a juyo ba. Ɗan rakiyarmu yana ta kaɗa 'yar tutarsa yana kiran a koma kwale-kwale, ni kuwa na hango hasumiya. Na roƙe shi minti ashirin. Dattawan da na tarar a barandar masallacin, da zane ɗaure da farar hula, ba mu da yare ɗaya da su in ban da sallama da Fatiha, amma da na ce Nijeriya sai ɗaya ya ce "Afrika", ya matsa mini a tabarma, aka kawo shayi. Ku gaya wa ɗan rakiya tun ana gobe za a je cewa kuna son shiga masallaci. Idan aka faɗa musu da wuri suna gyara lokaci, abin da ba sa so shi ne a ɓata musu lissafi a tsakiyar hanya. A Phnom Penh kuma ku nemi masallacin Al-Serkal, babba ne, da wurin mata.

TAMBAYA: A jadawalin da aka turo mini akwai ziyarar gidan yari da filin da aka kashe mutane. Ni hutu zan je, ba makoki ba. In tsallake? Kuma nawa ake ba ma'aikata na goro? (Wani matashi daga Damagaram)

AMSA: Ɗan'uwa, ba mai tilasta maka, wasu suna zama a jirgi ranar. Ni dai na ce ka je. Gidan yarin Tuol Sleng makarantar sakandare ce da 'yan Khmer Rouge, 'yan kwaminisancin da suka ƙwace mulkin Kambodiya, suka mayar wurin azabtarwa bayan sun kama Phnom Penh ranar 17 ga Afrilu, 1975. Daga nan ake kwasar mutane zuwa Choeung Ek, kimanin kilomita 15 a wajen gari, a kashe. Kafin a kore su a Janairun 1979, mutane wajen miliyan 1.7 ko fiye sun mutu ta kisa da yunwa da aikin dole. 'Yan Cham ɗin da na ba Hajiya labari suna cikin waɗanda suka fi ɗanɗanawa a ɓangaren Kambodiya: an rusa masallatai, an kashe malamai, an tilasta musu cin alade. A 2018 kotun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta mara wa baya ta sami Nuon Chea, na biyun Pol Pot shugaban Khmer Rouge, da laifin kisan ƙare dangi a kansu. Ɗan rakiyar da zai zagaya da kai, in ya haura hamsin a lokacin aka haife shi ko ya tashi, in yaro ne iyayensa ne suka gani. Namu sai da muka koma mota ya ce mahaifinsa malamin makaranta ne, an tafi da shi bai dawo ba. Kada ka ɗauki hoton kanka kana murmushi a wurin, na ga masu yi. Yara ƙanana kuma a bar su a jirgi.

Na goro kuwa, daren ƙarshe za ka tarar da ambulan a ɗakinka. Kamfanoni da yawa suna ba da shawarar dala 10 zuwa 15 a kowace rana ga kowane fasinja, a raba wa ma'aikatan jirgi, na ɗan rakiya daban. Wasu sun riga sun saka shi cikin kuɗin tafiya, ka duba kada ka biya sau biyu. A Kambodiya dalar Amurka tana yawo tare da kuɗinsu riel, wajen riel 4,000 a dala ɗaya, kuma da riel za a ba ka ƙaramin canji. Ka riƙo sababbin takardu ƙanana, don wadda ta yage ko ta sha tawada mai shago zai iya mayar maka da ita. A Biyetnam sai ka canza zuwa dong, ka kuma lura da sifirai, don takardar 20,000 da ta 500,000 duk shuɗaye ne.