Amsa ga 'yar'uwar da aka ɗaure wa Baba hannu a asibiti

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Kin ce yana da gigin tsufa, an kwantar da shi saboda ciwon huhu, kin zo da safe kin tarar an ɗaure masa hannu biyu da bandeji a jikin gado wai yana fizge ƙarin ruwa, kina tambaya ko daidai ne. Ni nas ce, na daɗe a ɗakin maza, to ga abin da na sani.

Akwai lokacin da ɗaurin yake zama dole, misali mutum na neman zare abin da numfashinsa ya dogara a kai kuma an gwada komai ya ƙi. Amma gaskiya yawanci ba haka ba ne, ƙarancin ma'aikata ne, nas ɗaya ko biyu da dare a kan ɗaki guda cike, sai a ɗauki hanya mai sauƙi. Ban ce mugunta ba ce, amma fa ba magani ba ne. Tsohon da bai san inda yake ba in ya ji an ɗaure shi ƙara haukacewa yake, ya yi ta fizga har fata ta saɓule, ga gyambon kwanciya, ga jini na iya daskarewa a ƙafa, wanda ya shigo da ƙafarsa sai ya fita a keken guragu.

Abin da zan so ki matsa a kai shi ne ME ya tayar masa da hankali. Mai gigin tsufa sau da yawa ba ya iya cewa ga inda ke min ciwo, da hannu yake faɗa. Akwai wani dattijo da muka taɓa samu yana ta jan robar fitsari yana zagi, ashe robar ce ta lanƙwashe ƙarƙashin cinyarsa, mara ta cika tam kamar ganga, ana warware ta ko minti goma bai yi ba ya yi barci. A duba fitsari ko da ƙwayar cuta, yaushe rabonsa da bayan gida, yana shan ruwa kuwa, tabarau ɗinsa na gida ko na nan. Da yawansu kuma rikicin daga la'asar zuwa magariba yake tashi, wani alwala kawai yake son yi, a kawo masa buta da roba ko ya yi taimama, sai ki ga ya lafa.

Ku raba kwana, wanda ya fi sabawa da shi ya zauna da dare. A naɗe kanular, wato robar ƙarin ruwan da ke hannunsa, da bandeji a sa masa riga mai dogon hannu, abin da bai gani ba ba ya ja, a ba shi carbi ya riƙe.

Kar kuma ki ce gara a yi masa allurar barci, shi ma ɗauri ne. Tun 2005 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa sababbin magungunan taɓin hankali, irin waɗanda akan ba su don su lafa, na ƙara haɗarin mutuwa ga tsofaffi masu gigin tsufa, a 2008 ta haɗa da tsofaffin magungunan irin su haloperidol. Maganin sa barci na diazepam kuwa sau da yawa ƙara rikita su yake.

In likita ya ce lallai sai an ɗaure, ki tambaye shi cikin ladabi har zuwa yaushe, kuma a rubuta dalili a fayil. Yatsa biyu su iya shiga ƙarƙashin ɗaurin, a jikin ƙarfen gadon ake ɗaurewa ba a shingen gefe mai motsi ba, a riƙa kwancewa aƙalla duk awa biyu ana juya shi. In kika ga yatsunsa sun yi sanyi ko sun kumbura kar ki jira zagayen safe, kira nas nan take, in ba a saurare ki ba ki nemi shugabar ɗakin.