Murjani Dabba Ne, Ba Ciyawa Ba: Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya daga Zariya: Malam, na ga hoton wani abu mai launin shunayya a ƙarƙashin teku, shimfiɗaɗɗe kamar mafici, an ce murjani ne. Ashe murjani ba jan dutsen wuya ba ne?

Duka biyun murjani ne, 'yar'uwa. Kalmar daga Larabci muka aro ta, tana nan cikin Suratur Rahman tare da lu'ulu'u, daga ita kuma aka sami sunan Murjanatu. Jan da kika sani ana ciro shi ne daga Bahar Rum, fatake suka riƙa ƙetaro Sahara da shi. Wanda kika gani ɗan'uwansa ne, ya fi yawa a tekun Karibiyan mai ɗumi.

Abin da ke damuna shi ne masu fassarar labarai da ke ce masa "ciyawar teku". Wace irin ciyawa? Dabba ce! Ƙananan halittu ne birjik suka haɗu a jiki ɗaya, kowace da baki da hannuwa 8 kewaye da shi. Rassan sun sarƙe da juna, sai dai ba su da tauri irin na jan murjani. Ƙashinsu mai lanƙwasuwa ne, igiyar ruwa ta kaɗa shi nan ta kaɗa shi can, bai karye ba. Gindinsa na liƙe da dutse, yana kuma girma ne fuskarsa na kallon inda ruwa ke kwararowa, don hannuwan nan su tare ƙwayoyin abincin da ke wucewa. Babba yakan haura mita 1. Ku ce masa murjanin mafici, kowa zai gane. Su kuma 'yan koli da ke kiran kowane jan ɗan roba murjani, a ji tsoron Allah.

Tambaya daga Maraɗi: Me ake nufi da "kifin rijiya"?

Mutumin da bai taɓa fita ya ga duniya ba, yana zaton garinsu ne iyakarta.

Tambaya daga Yawuri: "Kifi na ganin ka, mai jar koma." Wa ake faɗa wa?

Wanda ke ƙulla wa wani tarko yana tsammanin ba a lura da shi ba. Koma ita ce ragar masunta, kuma ku mutanen Yawuri kun fi ni saninta.